Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Farashin iPad da na Fire, Alhali Duk Gilashi da Batir Ne?

TAMBAYA

Ni malama ce, ina riƙe da wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta a Katsina. Iyayen yara sun matsa mana mu shigo da karatun zamani, sai muka yanke shawarar sayen kwamfutocin hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tablet, guda goma, domin 'yan aji shida. Na aiki ƙanena Kano ya tayo mana, ya dawo ya ƙara rikita ni. Ya ce kuɗin iPad ɗaya ta hannu zai sayi wata mai suna Fire har guda uku sababbi fil a kwali, amma mai shagon da kansa ya gaya masa ita Fire ɗin ba ta da Play Store. Ya ga Samsung, ya ga Lenovo, ya ga Huawei wadda aka ce ita ma babu Google a cikinta, ya kuma ga wasu marasa suna masu zanen yara a kwali. Shin ba duk gilashi da batir ba ne? Me ya kawo wannan tazarar farashi? Kuma me ya hana kamfanonin nan haɗa kai, abin da ke aiki a wannan ya yi aiki a waccan? A taimaka mini da bayani kafin in ɓarar da kuɗin mutane.

Malamar makaranta, daga Katsina

AMSA

Malama, Allah ya ƙara wa makaranta albarka. Kafin komai, mai shagon nan da ya faɗi aibin hajarsa tun kuɗi ba su shiga aljihunsa ba, ki sa ƙanenki ya karɓo lambarsa. Za ki sake bukatarsa.

Gaskiyarki, gilashi da batir ne. Abin ma ya wuce haka. Kamfani ɗaya na Taiwan, Quanta, shi ya ƙera wa BlackBerry tata kwamfutar hannun a 2011, shi kuma ya ƙera wa Amazon Fire ta farko a wannan shekarar. Lokacin da Apple da Samsung ke maka juna a kotunan ƙasashe kusan goma, masana'antar Samsung ce ke buga ƙwaƙwalwar da ke cikin iPad. In dai ƙarfen ne, ba su yi wa juna nisa can ba. Inda suka rabu shi ne inda kowanne ke sa ran cin ribarsa. Wani ranar da kika biya zai ci, wani sannu a hankali bayan kin kai gida, wani kuma ba ma daga aljihunki ba, daga masu tallan da za su biya shi don su samu idonki.

Ki ɗauki abin kamar kasuwa. Na'urar ita ce ƙofar shiga. Masu rubuta manhajoji da masu wasanni da masu littattafai da finafinai su ne masu rumfuna, ke da ɗalibanki ku ne masu cefane. Wanda kuwa ya mallaki babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, da rumbun da ake sauko da sauran manhajoji daga ciki, shi ne mai kasuwar. Shi ke ba da rumfa, shi ke korar wanda ya ga dama, shi ke karɓar la'ada a kan duk cinikin da aka ƙulla. Apple da Google sun daɗe suna yankar kashi 30 cikin ɗari, sai a 2021 suka rage wa ƙananan masu manhaja zuwa kashi 15. Duk wanda ya taɓa ganin sabuwar kasuwar da gwamnati ta gina ta shekara awaki na kwana a rumfunanta ya san inda gizo ke saƙar: ɗan kasuwa ba ya tarewa inda babu masu saye, mai saye ba ya zuwa inda rumfuna ke kulle. Duk rigimar da ake yi tun 2010 a kan wannan take, kowa so yake ya zama mai kasuwa, ba mai son zaman haya.

Ba Apple ce ta fara ba. Tun 2002 Microsoft ta fitar da Windows ta musamman domin kwamfutocin da ake rubutu a fuskarsu da alƙalami, Bill Gates da kansa ya yi ta tallata su, amma sun yi nauyi, sun yi tsada, manhajojin cikinsu kuma don linzami da madannai aka yi su. Da Steve Jobs ya ɗaga iPad a San Francisco ranar 27 ga Janairun 2010, mutane da yawa dariya suka yi, wai iPhone ce aka faɗaɗa. Ashe abin gorin shi ne ƙarfinta. Rumbun App Store yana ci tun Yulin 2008, dubban masu rubuta manhaja sun riga sun san hanya, miliyoyin masu saye sun riga sun ajiye lambar katin bankinsu a wurin Apple, kuma kusan kowace manhajar iPhone tana buɗewa a iPad tun ranar farko. Aka sa mata dala 499, alhali masu hasashe sun zaci za ta doshi dubu. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Disamban wannan shekarar an sayar da kusan miliyan 15.

Sai kowa ya zabura, kuma 2011 ta binne da yawa. Motorola Xoom ta fito a Fabrairu da kusan dala 800, manhajojin da aka yi daidai girman fuskarta ba su taka kara sun karya ba. BlackBerry, wadda duniya ta sani da imel, ta fitar da PlayBook a Afrilu babu manhajar imel a cikinta sai an haɗa ta da wayar BlackBerry. Kafin shekara ta ƙare kamfanin ya bayyana asarar dala miliyan 485 a kan kayan da suka yi kwantai.

Amma labarin HP ya fi kowanne. A lokacin ita ce kan gaba a duniya wajen sayar da kwamfuta. Ta sayi kamfanin Palm a 2010 kan dala biliyan 1.2 don ta mallaki webOS, babbar manhajar da masana da dama ke yabawa. TouchPad ta shiga shaguna ranar 1 ga Yulin 2011 da farashin iPad daidai wa daida, dala 499. Ranar 18 ga Agusta, mako bakwai ke nan, HP ta ce ta fasa. Aka karya farashin ragowar zuwa dala 99, sai ga layi a ƙofar shaguna, cikin 'yan kwanaki aka wawashe. Tsakanin Yuli da Agusta ko ƙusa ba a sauya a jikin na'urar ba. Mutane ne suka yi magana da aljihunsu: in za ka karɓi kuɗin iPad, ka zo da cikar kasuwar iPad, in babu, sai dai ka yi arahar da ta fita hankali. Ita webOS ɗin yau a talabijin ɗin LG take zaune.

Amazon dama tana gefe tana shirin tata, kuma hanya ta biyun ta zaɓa. Ranar 28 ga Satumban 2011 Jeff Bezos ya nuna Kindle Fire a kan dala 199. Masu farke na'urori su lissafa kuɗin kayan ciki suka ce abin da aka kashe wajen haɗa ta ya kai wannan kuɗin, har ya ɗan gota. Bayan shekara guda Bezos da bakinsa ya shaida wa BBC cewa a kan uwar kuɗi suke sayar da na'urorinsu. A 2015 suka sauko da wata zuwa dala 50, har da garaɓasar ka biya kuɗin biyar a ba ka ta shida gyara.

Banza ba ta kai zomo kasuwa, Malama. Amazon kanti ce, kuma Fire hanyar shiga kantin ce. Ki kunna ta, kafin ki cire makullin fuska talla ce za ta fara yi miki sallama, in kina son a ɗauke tallan sai kin ƙara kuɗi. Shafin farko littattafan Amazon ne, finafinan Amazon, kayan sayarwar Amazon. Ba'amurken da ke biyan kuɗin rajistar Amazon Prime, yana sayen littafi yau, man wanki gobe, zai mayar wa kamfanin rangwamen da aka yi masa har da riba. Ɗan aji shida a Katsina ba zai mayar ba, kuma ba da shi aka yi lissafin ba.

Rashin Play Store kuwa da gangan ne. Android kashi biyu ce, mutane da yawa ba su sani ba. Akwai gangar jikinta, wadda Google ta saki kyauta, kowa na iya ɗauka ya sarrafa yadda yake so. Akwai kuma kayan Google da ke hawa kanta, su Play Store da YouTube da Gmail da taswira da Chrome, da wasu hidimomi na ƙarƙashin ƙasa waɗanda dubban manhajoji ke jingina da su wajen aiko da sanarwa ko gane inda mutum yake. Waɗannan sai da lasisi, lasisin kuma da sharuɗɗansa: ka jera kayan Google a gaba, binciken Google ya kasance a inda ido zai fara sauka. Amazon ta ɗauki gangar jikin, ta ƙi sharuɗɗan, ta gina nata rumbun, don ba za ta sayar da na'ura babu riba sannan la'adar ta faɗa aljihun wani ba. Google ma ba ta naɗe hannu ba, ta hana kamfanonin da ke karɓar lasisinta ƙera ko da na'ura ɗaya mai irin wannan Android ta 'yan tawaye. Wannan na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta ci ta tarar yuro biliyan 4.34 a Yulin 2018, kuma hukumar tarayyar ta ambaci babbar manhajar Fire da suna a matsayin wadda aka toshe wa hanya.

Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano za su ce suna iya cusa Play Store a Fire, kuma ba ƙarya suka yi ba, aikin 'yan mintoci ne. Ga mutum ɗaya mai haƙurin wasa da na'ura, ba laifi. Ga guda goma a hannun yara, da malamin da ke da darasi ƙarfe takwas, ban ba ki shawara ba. Wani sabuntawa na iya ɓata aikin, yaro ɗaya ya goge na'urar kuma an koma gidan jiya.

Ita Google, abin da ya kamata ki gane shi ne ba ta damu can da wace na'ura ce a hannunki ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar uwar kamfanin, Alphabet, daga talla suke fitowa. Muddin a Google kike bincike, a YouTube kike kallo, ta ci. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da ita aka bankaɗo cewa a 2022 kaɗai ta biya Apple kimanin dala biliyan 20 don bincikenta ya zama shi ke fitowa kai tsaye a Safari, wato a iPhone da iPad da Mac. Wanda ke da rumfa mafi girma a kasuwar kishiyarsa ba zai kasa barci a kan tasa ba. A ganina shi ya sa ta riƙa yi wa harkar riƙon sakainar kashi. Ta yi Nexus 7 tare da Asus a 2012 kan dala 199, mutane suka so ta, aka yi sakaci. A 2019 ta sanar ta daina ƙera kwamfutar hannu, a 2023 sai ga ta da Pixel Tablet. A tsakanin nan, shekara da shekaru, mai kwamfutar hannu ta Android yakan buɗe manhaja ya tarar ta waya ce aka miƙe, rubutu a tsakiya, fili fayau hagu da dama. Sai daga 2022 aka fara gyaran da gaske.

Samsung da Lenovo da Xiaomi da su Tecno da itel da Infinix duk 'yan haya ne a wurin Google. Ribarsu a jikin ƙarfen take, ranar ciniki, kuma da yake Android ɗaya kowa ke sayarwa, sai a koma yanke wa juna farashi. Wannan ya yi miki daɗi wajen saye, amma da wutsiyarsa. Wanda ya gama cin ribarsa ranar farko ba abin da zai ja shi ya yi shekara biyar yana aiko wa na'ura mai araha sabuntawa. Apple kuwa sau biyu take ci, a ƙarfen da kuma a la'ada, don haka tsohuwar iPad da ke raye kuɗi ce a wurinta. Shi ya sa takan yi shekara biyar ko fiye tana samun sabuwar babbar manhaja, shi ya sa kuma ta hannu ba ta saurin faɗuwa. Rabin amsar tsadar da ƙanenki ya gani ke nan.

Samsung ta san zafin haya. Ta gwada tata babbar manhajar, Bada, sannan Tizen, ba su karɓu a waya ba, Tizen ta ƙare a talabijin. Sai ta koma bambanta kanta da abin da ta ƙware a kai, fuska mai kyau, da alƙalamin S Pen da take sakawa a kwalin manyan samfuranta, alhali Apple daban take sayar da nata. Shari'arta da Apple, wadda ta faro a Afrilun 2011, ta kai har wata kotu a Jamus ta hana sayar da Galaxy Tab 10.1 sai da aka sauya mata siffa. Wani alƙali a Ingila kuma ya wanke Samsung a 2012 da hujja mai ciwo, wai ba za a ce ta kwaikwayi iPad ba tunda tata ba ta kai iPad burgewa ba. Sai 2018 suka sasanta, bayan lauyoyi sun ƙoshi.

Microsoft ta sha nata kashin a 2012 da Surface RT. Sunanta Windows, kamanninta Windows, amma tsofaffin manhajojin Windows ba sa aiki a kanta. A Yulin 2013 aka bayyana asarar dala miliyan 900. Da Satya Nadella ya karɓi ragamar kamfanin a 2014, bai cika wata biyu ba ya saki Word da Excel a iPad, kayan da aka yi shekaru ana riƙewa don a ja mutane zuwa Windows. Gara ka karɓi kuɗin wata-wata a hannun mai iPad da ka zauna jiran ranar da zai tuba.

Huawei da ƙanenki ya gani, ita ba da son ranta ta rabu da Google ba. A Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin kamfanonin da aka hana hulɗa da su sai da izini, lasisin Google ya yanke ga duk sabuwar na'urarta. Ta gina HarmonyOS, ta ƙarfafa rumbunta AppGallery. A China, inda dama an toshe Google da YouTube, wannan bai kayar da ita ba, tana cikin na gaba-gaba a kasuwar kwamfutar hannu ta can. Ƙarfenta mai kyau ne. Amma a nan, inda bidiyon da malami zai nuna yana YouTube, littafin yana Google Drive, manhajar koyon karatun tana Play Store, kullum cikin zagaye-zagaye za ku kasance.

To me ya hana su haɗa kai? Ranar da duk abin da kika saya a wannan zai bi ki zuwa waccan, ranar babu abin da zai riƙe ki. Manhajar da kika biya a App Store ba ta hawa Samsung, sai kin sake saye. Hotunanki suna iCloud, alƙalamin Apple ba ya rubutu a fuskar kowa sai ta iPad. So ake fita ta fi zama tsada. Har a cikin gida ɗaya ana yi. Tun 2021 manyan iPad ke ɗauke da ƙwaƙwalwa iri ɗaya da ta kwamfutocin Mac, amma ba a yarda su tafi da babbar manhajar Mac ba. Apple na cewa aikinsu ne daban. Ni dai na lura cewa a Mac mutum na iya sauko da manhaja daga ko'ina babu la'ada, a iPad kuwa sai ta ƙofar App Store, kuma mai hali biyun yake saye.

Inda kika ga sun daidaita, sau da yawa hukuma ce ta murɗe kunne. Tarayyar Turai ta kafa dokar caja ɗaya, USB-C, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2024, mu ma muka ci albarkaci tunda ba wanda zai ƙera wa Afirka bakin caji daban. A 2024 ɗin kuma ta sa iPad ƙarƙashin dokarta ta manyan dandamali, Apple ta buɗe ƙofa ga wasu rumbunan manhaja, amma ga mazauna ƙasashen tarayyar. Wannan bai iso Katsina ba.

Kasuwar kanta ta daina girma tuntuni. Ta kai ƙololuwa a 2014, inda aka fitar da kimanin miliyan 230 a duniya, daga nan ta yi shekara biyar a jere tana raguwa, don wayoyi sun ƙara faɗi, kuma wanda ya sayi kwamfutar hannu ba ya sauya ta da wuri kamar waya. Kullen korona na 2020 ne ya ɗan farfaɗo da ita. Apple na riƙe da sama da kashi ɗaya cikin uku, Samsung na biye da kusan ɗaya cikin biyar. Da sababbin baƙi suka yi ƙaranci, sai aka koma tatsar waɗanda ke ciki da kuma farautar yara, wato makarantu irin taki, domin yaron da ya saba da dandali ɗaya tun yana ɗan shekara goma da wuya ya bar shi.

Nan ne nake son ki buɗe kunne. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta ƙudiri ba kowane ɗalibi iPad, shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Ba a je ko'ina ba ɗaruruwan ɗalibai suka gano yadda ake cire takunkumin da aka sa, suka faɗa Facebook da YouTube. Darussan da aka ba da kwangilar zubawa a ciki ba su kammala ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar, shugaban hukumar ya sauka daga kujerarsa. Google ce ta kwashi garar makarantun Amurka daga baya, da Chromebook, ƙaramar kwamfuta mai madannai, mai araha, wadda mutum ɗaya zai iya kula da ɗaruruwanta daga teburinsa. A nan gida kuma, jihar Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013, zamanin Rauf Aregbesola, an zuba littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki, ba sai da intanet ba. Ko me za a ce game da yadda shirin ya kaya, wannan tunani na a fara da abin da yaro zai karanta, a kuma ɗauka cewa data da wuta ba su da tabbas, shi ne daidai da halin da muke ciki.

Saboda haka kada ki fara da tambayar wace na'ura. Ki zauna da malaman aji shida ku rubuta abin da za a buɗe ranar Litinin da safe, wace manhajar lissafi, wane littafi, wane bidiyo, ƙira'ar wane makaranci. Ku duba a wane rumbu suke. Zan yi mamaki in ba Play Store ce ta tattara su ba. Kuma gwargwadon hali ku jingina da abin da ba mallakin kowa ba, littafi a PDF, sauti a MP3, bidiyon da aka riga aka sauke, shafin da ke buɗewa a kowace burauza. Waɗannan za su bi ku duk inda kuka koma, kuma ba sa neman kuɗin wata-wata da dala, wanda katin naira ba kullum yake iya biya ba.

Akwai ƙananan abubuwa da suka fi suna muhimmanci a aji. Yawancin na Android suna da ramin memori, sai a zuba darussan zango guda a kati a kwafa wa sauran, ko a tura ta Xender, ba ko kwabon data. iPad ba ta taɓa zuwa da wannan rami ba. Android tun 2012 ke ba da damar a buɗe wa mutane da yawa gurbi a kwamfutar hannu ɗaya, kowa da nasa, kodayake wasu kamfanonin kan toshe damar, don haka a duba. iPad ta mutum ɗaya ce, sai ga makaranta ko kamfanin da ya yi rajista da tsarin Apple na musamman. Madannan Gboard na Android kuma sun san Hausa, yaro zai rubuta ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa daidai.

In har zuciyarki ta fi kwanciya da iPad ta hannu, ga abin da ƙanenki zai yi a gaban mai shago. Ya sa a goge ta kakaf, ta dawo fuskar gaisuwa ta farko, a haɗa ta da intanet, ya bi matakan da hannunsa har ta buɗe. Idan a hanya ta tsaya ta nemi imel da kalmar sirrin wani can da ba wanda ya sani, ya ajiye ta ya ja da baya. Wannan makullin Apple ta kawo shi tun 2013 don maganin ɓarayi, kuma galibin masu cewa sun buɗe shi rufa-rufa suka yi, da an sake goge ta za ta kulle. Ya kuma duba ko tana karɓar babbar manhaja ta bana. Wadda ta tsaya shekaru baya za ta kunnu lafiya lau, amma manhajoji za su riƙa juya mata baya ɗaya bayan ɗaya.

Marasa sunan nan masu zane a kwali kuwa, ya buɗe Play Store ɗinsu, ya shiga saituna, can ƙasa wajen bayanin manhajar akwai layin da ke nuna ko Google ta tantance na'urar. In ba ta tantance ba, kada araha ta ruɗe shi. Irinsu ne ake rubuta wa babban memori a kwali a tarar da rabi a ciki, kuma idan fuskar ta fashe, wanda a hannun 'yan aji shida dole wata ta fashe, sai a karaɗe kasuwa ba a samu kayan gyaranta ba.

Ga hukuncina, Malama. Ki sayi ta Android mai lasisin Google, daga kamfanin da ke da wurin gyara a Kano, Samsung mai matsakaicin kuɗi ko Lenovo ko ɗaya daga cikin su Tecno da itel da Infinix, mai ram aƙalla gig 4. Fire ki bar wa mai kallon fim, Huawei ki bar wa wanda ya iya zagaye. Kada a sayi goman rana ɗaya. A sayo ɗaya, malamin aji ya yi mako biyu yana darasi da ita, in ta yi, a koma wa mai shagon nan a yi cinikin sauran a dunƙule. Ki kuma ware kuɗin guda ɗaya domin riga mai kauri da gilashin kariya da abin caji mai sola, ko da za a tashi da tara maimakon goma. Idan kun fara, ki rubuto mana sunayen manhajojin da yaran suka fi kamawa, akwai malamai da yawa da ke karanta wannan fili masu irin tambayarki.